Ham ɗin Keke a Ƙarƙashin Ruwa

Shekara da shekaru, duk wanda ya bi ta layin masu gyara da hantsi, shago na uku bayan famfo, yana iya tarar da magidanci a durƙushe ya dulmiya fuskarsa cikin bahon ruwa, ƙeyarsa kawai ake gani. Ba abin da ya same shi. Mai Tabarau ne yake aiki. Baƙi ne suke tsayawa kallo, maƙwabta kuwa sun saba, har mai gyaran keken da ke jikin shagon yakan ce wa wanda ya zo nemansa, "Zauna ka jira, ya tafi kogi, yanzu zai dawo."

Shagon ba wani shago ba ne. In ka tsaya a tsakiya ka miƙa hannuwa, ka taɓa bango da bango. Tebur ɗaya ne mai durowa biyu, da fitila mai dogon wuya, da gwangwanayen alewa cike da 'yan sukurorin da in ɗaya ya faɗi ƙasa sai dai ka yi masa fatan alheri. Tun yana saurayi yake gyaran tabarau, kuma yana da ɗabi'a guda da ba ta taɓa canzawa ba. In ya gama gyara, sai ya hura wa gilashin iska, ya goge da gefen rigarsa alhali ga tsumma a gabansa, ya ɗora maka a hanci da hannunsa, sannan ya ja da baya ya ce, "To, me kake gani?" Ba zai sake ka ba sai ka faɗa masa wani abu, ko da akuyar da ke tsallaken titi ce.

Abin dariyar shi ne, wannan mai shiga baho kullum ba abin da yake tsoro a duniya kamar ruwa. Kogi yana nan ƙasan gari, tafiyar minti ashirin a keke, amma bai taɓa barin ruwansa ya wuce masa idon sawu ba. Ƙaninsa ne ya kwashe rabon gidan na son ruwa gaba ɗaya. Shekara biyar yayan ya ba shi, kuma tun ƙanin yana rarrafe ake janyo shi daga bakin randa, shi ya sa aka laƙaba masa Kwaɗo, sunan ya bi shi har furfura. Da ya girma sai ya shiga cikin masu nutso, waɗanda ke ɗebo yashin gini daga gindin kogi. Mutum ya ja numfashi, ya bi doguwar gorar da aka kafa ya nutse da bokitin ƙarfe, ya cika shi, ya taso, na cikin kwalekwale ya ja igiya. Haka tun safe har rana ta take, ido buɗe cikin ruwan da ko tafin hannunka ba ka gani sosai.

Wata damina ambaliya ta kwaso tsohuwar wayar shinge ta binne cikin yashi. Kwaɗo ya nutse, ya taso riƙe da fuska. Likitoci sun yi iya yinsu, idon hagu dai ya tafi. A barandar asibiti mahaifiyarsu ta kama hannun babban ɗanta.

"Kai ne mai gyaran idon mutane," in ji ta. "Ga na ƙaninka saura ɗaya. Na bar maka shi."

Ya buɗe baki zai ce, Inna, gilashi nake gyarawa ba ido ba, sai ya ga irin kallon da take yi masa, ya haɗiye maganar. Damina biyu bayan haka ta rasu, ta bar shi da wannan kaya a ka, kuma bai taɓa sauke shi ba.

Da farko ya gwada hanya mai sauƙi, wato raba Kwaɗo da kogi. Ya ajiye masa kujera a shago. Kwana tara aka yi. A cikinsu Kwaɗo ya karya tabarau uku, ya kifar da gwangwanin sukurori, ya kuma shawo kan wani malamin makaranta cewa idonsa garau yake, ya koma gida abinsa. Ranar ta goma ya ce, "Yaya, hannun nan nawa na bokiti ne. In na ƙara sati a nan, ko dai in haukace ko in haukatar da kai." Ya koma ruwa.

To, tunda ba a raba kwaɗo da ruwa, sai a yi wa idonsa ƙofa. Akwai tabaran ninƙaya na kanti, amma na masu wasa ne a tafkin otal, kwana biyu yashi ya karce su, na uku madaurin ya tsinke. Mai Tabarau ya nemo gilashi mai kauri ya yanka shi zagaye, ya dasa cikin 'yan kofuna biyu masu tauri, ya yi musu baki da robar cikin tayar mota. Ya sa kafinta ya sassaƙa masa kan katako daidai fuskar ƙanin nasa don ya riƙa awo a kai, tunda mai fuskar ba ya iya zama wuri ɗaya. Matar Mai Tabarau ta dubi kan ta ce wannan ya fi na ainihin hankali, ba ya surutu.

Ranar da aka gwada masa, Kwaɗo ya taɓa kofin hagu. "Wannan fa na mene ne? Ai ba kowa a ɗakin."

"Shi ma ɗan gida ne," in ji yayan. "Rufe min baki ka ɗaura."

Daga nan baho ya shigo shago. Duk tabaran da ya haɗa, sai ya ɗaura a fuskarsa, ya jefa maɓallin riga a ƙasan baho, ya nutsa kai ya ƙirga sittin. In ya ga hujojin maɓallin guda huɗu, kuma ko ɗigo bai shiga ba, aiki ya yi. Abokan aikin Kwaɗo suka gani suka yi sha'awa, kafin shekara ta zagayo ba mai nutso ɗaya a wannan gaɓa da ba ya ɗaure da aikin hannunsa. Wani ɗan kasuwa ma ya kwaikwaya, ya buga sunansa a jikin madauri, ya baza a kasuwanni. Ranar da Mai Tabarau ya ga sunan wani a jikin dabararsa, abincin ranarsa haka ya koma gida a rufe.

Shekara goma sha biyu ana zaune lafiya. Sai yashin bakin gaɓa ya ƙare, kwalekwale suka matsa tsakiyar kogi, inda zurfin ya tashi daga tsayin mutum biyu ya kai na mutum huɗu. Kwaɗo ya fara dawowa da ciwon kai da shatin zobe kewaye da ido. Wata rana ya shigo shago, idon nan guda ya yi jajir kamar an zuba masa jini.

A nan ne Mai Tabarau ya tafka kuskuren da ba mai iya yinsa sai mutumin da duk saninsa da kogi a baho ya tsaya. Ya ce ruwa ne yake shiga. Ya ƙara gam, ya ninka roba, ya canza madauri mai ƙarfi, ya ɗaure tamau. Ya shiga baho ya ƙirga sittin, har ya ƙara ashirin don tabbatarwa, ko ɗigo babu. Ya miƙa wa ƙaninsa yana murmushi. Bayan kwana uku idon ya kumbura, Kwaɗo yana gani dishi-dishi.

Likitar ido ta haska fitilarta, ta juya tabaran a hannu, ta ce ba shigar ruwa ba ce. Nauyin ruwa ne. Duk sa'ad da mutum ya ƙara ƙasa, ruwa yana ƙara danna kofin a fuska, iskar da ke ciki ta takure, sai kofin ya riƙa zuƙar idon.

"Likita," in ji Mai Tabarau, ransa a ɓace, "shekara goma sha biyu ina gwada abin nan a fuskata. Bai taɓa zuƙata ba."

"A ina kake gwadawa, Baba?"

"A baho."

"Zurfinsa nawa?"

Ya ware yatsu ya nuna mata. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta dai ce Kwaɗo ya huta wata guda cur, kuma in ya sake nutsawa wannan zurfi da wannan tabarau, ita ba ta yi wa kowa alkawarin idon ba. Da suka fito, Kwaɗo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kada ka damu, Yaya. Baho dai ba kogi ba ne."

Maganar ta hana Mai Tabarau sakat kwana biyu. Na uku ya ba mai gyaran keke makullin shago, tare da bayanin wane tabarau na wane ne ko da bai dawo ba, ya ce wa ƙaninsa ya kai shi tsakiyar kogi. Gani ya kori ji. Kwaɗo ya yi dariya har ya riƙe ciki, da ya ga ba wasa ba ne sai ya nutsu. Ya ɗaura masa igiya a ƙugu da hannunsa, ya koya masa yadda zai toshe hanci ya busa in kunne ya fara zafi. Mai Tabarau ya naɗe rigarsa ya ɗora hula a kanta, ya ɗaura tabaran a fuska, ya rungumi gora.

Tsayin mutum ɗaya bai ji komai ba sai bugun zuciyarsa. A na biyu ya ji kamar an ɗora masa manyan yatsu a kan idanu ana dannawa. Ya toshe hanci ya busa, kunnuwa suka saki, idanu kuwa suka ƙi. Ya ƙara ƙasa kaɗan, sai ya ji ana zuƙo su waje. Ya fizgi igiya. Aka janyo shi cikin kwalekwale yana tari yana aman ruwa, masu nutso suna tafa masa. Shi kuwa ya kwanta a kan yashi ya rufe fuska da hannu, kuka yake yi, ba na tsoro ba. Sau ɗari a rana ƙaninsa yake shiga wannan azaba da ido ɗaya, shi kuma da hannunsa ya ƙara ɗaure masa madauri.

"Ashe ni ne," abin da ya iya faɗa ke nan.

Ya dawo da abu guda a kansa. Kunne yana da hanyar da ake tura masa iska, ido a cikin kofi ba shi da ita. Kwana huɗu yana zaune yana kallon kan katako, kan katako yana kallonsa. Ranar ta biyar mai gyaran keke ya samo wasu tsofaffin ham, irin masu ƙwallon roba da ake matsawa, ya zauna yana gwada su ɗaya bayan ɗaya, fam, fam, fam, tun safe. Mai Tabarau ya ƙule. Ya fito ya fizge na hannunsa, ya tsige ƙwallon daga ƙarfen yana cewa, "Mutum ba zai yi tunani a layin nan ba ke nan?" Cikin faɗa ya matse ƙwallon, iska ta buso masa a fuska. Ya tsaya yana kallon ƙwallon. Ya sake matsawa.

"Ba ni guda biyu," ya ce.

"Faɗan ya ƙare?"

"Zan dawo in ƙarasa."

Dabarar ba ta da wuya in an riga an gan ta. Ya huda gefen kowane kofi, ya sa siririn tiyo irin na ƙarin ruwa a asibiti, ya haɗa shi da ƙwallon ham, ɗaya a kowane gefen kai kamar kunnuwan ɓera. In mutum ya nutse, ruwan da ke danna kofi shi ne zai matse ƙwallon, ƙwallon ya tura iska cikin kofi. In ya taso, iskar ta koma gidanta. Wannan karon bai yarda da baho ba. Ya shafe fuskar kan katako da ɗanyen yumɓu, ya ɗaura masa tsohon tabarau da dutse, ya zura shi cikin rijiyar gidansa har ƙasa. Da ya janyo, kofunan sun nutse cikin yumɓu sun yi rami. Ya sake shafawa, ya ɗaura sabon. Da ya janyo, ɗan shati ne kawai, da ƙyar ake gani.

Yana tsaye bakin rijiya yana dariya shi kaɗai 'yarsa ta shigo. Auta ce a gidan, tana aikin zanen taswirar gine-gine a wani kamfani, kuma ba ta manta ranar da mahaifinta ya dawo da abincinsa a rufe ba. Ta duba kan katako, ta duba ramukan, ta ce, "Baba, wannan kam ba wanda zai buga sunansa a kai." Ta yi masa bayanin ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire, inda ake ba mutum takarda mai hatimi cewa dabara tasa ce. Ita za ta yi zanen, ta rubuta bayani, sati uku ya ishe ta. Sharaɗi ɗaya ne: kafin a shigar da takardu, kada kowa ya gani, don abin da ya riga ya fita gari ba a kiransa sabo.

"Har baffanki?"

"Shi ne ma na farko. In Baffa ya sani, kogi ya sani. Ai likita ta ba shi wata guda, kafin ya koma ruwa mun gama."

Lissafin ya yi daidai, kuma gaskiya ita ce yana son takardar nan. Mutum ne da bai taɓa riƙe wata takarda mai sunansa ba sai katin asibiti. Ya kulle tabaran a durowar ƙasa, washegari kuma ya yanka gilashi ya haɗa firem ɗin da zai sa takardar a ciki, ya buga ƙusa a bango inda duk mai shigowa zai gani. Matarsa ta kawo masa abinci ta tarar da firem a rataye ba komai a ciki.

"Ka gina wa kaza akurki tun ba a saka ƙwan ba," in ji ta. "Ni dai tambayata ɗaya. Yaushe ƙanin nan naka ya taɓa cika kwanakin da aka ɗiba masa?"

Ya ce mata wannan karon Kwaɗo ya ji tsoro, zai zauna. Ta ce to, ta kwashi kwanukan jiya ta tafi.

Kwana goma sha biyu Kwaɗo ya iya. Ran na sha uku, wajen ƙarfe goma na safe, matar Kwaɗo ta iso ƙofar shago tana haki. Ta ce ja ya washe daga idon, shi ke nan ya ce ya warke, yara kuma ba za su ci hutu ba. Tun asuba ya ɗauki tsohon tabaransa ya fita, ya ce kada a gaya wa Yaya.

Mai Tabarau ya dubi durowar ƙasa, ya dubi firem. Ba za a ce bai yi jinkiri ba, ya yi, kamar na numfashi uku, kuma har ya tsufa yana jin kunyar numfashin nan uku. Makullin ma ya ƙi shiga don gaggawa, sai ya sa sukundireba ya ɓalle durowar. Ya haye keken da aka kawo wa maƙwabcinsa gyara, wanda birkinsa ɗaya ne, ya gangara kogi hularsa na faɗuwa bai tsaya ɗauka ba.

Kwalekwale shida ne a tsakiyar ruwa, mutum ya fi arba'in. Ya shiga kogi da takalmansa har ƙugu, shi da ruwa bai taɓa wuce masa idon sawu ba sai da igiya, yana ɗaga tabaran sama yana kiran sunan ƙaninsa. Aka tuƙo aka ɗauke shi. Kwaɗo yana riƙe da gefen kwalekwale, ya riga ya nutsa sau da yawa, gefen idon ya fara ja.

"Cire wannan," in ji yayan.

"Yaya, wa ya gaya ma..."

"Cire shi, na ce."

Ya karɓe tsohon ya cusa a aljihu. Ya hura wa sabon iska, ya goge da gefen rigarsa da ke jiƙe sharkaf, ya ɗaura masa da hannunsa. Masu nutso suka ga ƙwallaye biyu a gefen kan Kwaɗo suka fashe da dariya, wani ya ce yanzu in kifi ya tare masa hanya sai ya danna masa ham. Kwaɗo ya ja numfashi ya bi gora. Yayan ya durƙusa yana kallon inda ruwan ya rufe, yana ƙirgawa kamar yadda ya saba a baho. A hamsin da biyu kai ya ɓullo.

"To, me kake gani?"

Kwaɗo ya ture tabaran zuwa goshi, ya shafa kewayen idonsa, ya rasa shatin da ya saba ji. "Ba ya ja, Yaya," ya ce. "Ko kaɗan ba ya ja." Sannan ya ƙare masa kallo ya ƙara da cewa, "Ina kuma ganin wani tsoho ya shiga kogi da takalmi."

Sauran suka kewaye su, kowa da nasa jan idon, kowa da nasa shatin zoben. Mutum ba zai dubi wannan ya ce dabarar ta mutum ɗaya ce ba. Nan a kan tulin yashi Mai Tabarau ya zauna ya warware abin gaba ɗaya, ya nuna musu inda ake hudawa, da tsawon tiyo, da yadda ake ɗaure bakin ƙwallo. Cikin sati guda ham ɗin keke ya yi wuya a garin, masu keke suka koma yi wa mutane "a gafara" da baki.

Auta ta yi kuka, ta yi fushi na yini biyu, sannan ta je ta duba idon baffanta ta dawo ta ƙarasa zanen. Ta ce tunda an fara, a je a ji daga bakin masu abin. Jami'in da suka tarar dattijo ne mai haƙuri, hannun tabaransa ɗaure da zare. Mai Tabarau bai iya zama yana kallon wannan ba. Ya ce a ba shi, ya zaro sukundireba daga aljihu, yana gyara ana yi masa tambayoyi.

"Akwai wanda ya taɓa ganin wannan dabara?"

"Mutum arba'in da wani abu," ya amsa da alfahari, Auta tana taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. "Yanzu ma sun fi haka. Har na gaɓar can sun zo sun koya."

Jami'in ya yi ajiyar zuciya, ya ce to ta riga ta zama ta kowa. Ya shiga ciki ya jima, ya fito da kwafin wani tsohon zane. Ya ce ko da ba a nuna wa kowa ba, da wuya a ba da takardar, don wani a wata ƙasa mai nisa ya taɓa yin rajistar mai kama da ita tun kafin a haifi Mai Tabarau. Ga kofuna biyu, ga ƙwallaye biyu a gefe.

Abin ya yi masa zafi, ba a ɓoye ba. Ya daɗe yana bin layukan zanen da yatsa, yana ganin inda wancan ya fi shi da inda shi ya fi wancan. Can ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, a rubuce yake ko shi ma ƙane gare shi?"

Jami'in ya ce takarda ba ta faɗa ba. Mai Tabarau ya ce ai ba sai ta faɗa ba. Ya hura wa tabaran jami'in iska, ya goge, ya ɗora masa a hanci, ya tambaye shi abin da yake gani. A firem ɗin nan kuwa zanen Auta aka sa, ba hatimi ba sa hannu, yana nan har yau a kan ƙusarsa.

Kwaɗo ya ƙara shekara goma sha ɗaya a ruwa kafin gwiwoyi su ce sun gaji. A daidai lokacin ne yanar ido ta fara rufe yayansa. An yi masa aiki, ya samu sauƙi, amma 'yan sukurorin nan sun fi ƙarfinsa, sai ya yi ta laluben rami da bakin sukundireba kwastoma na tsaye. Bai gaya wa kowa ba. Wata safiya dai ya zo ya tarar da Kwaɗo a ƙofar shago da kujerarsa a hannu.

"Wancan karon kwana tara ka yi," in ji Mai Tabarau.

"Wancan karon kogi yana kirana. Matsa min."

Yanzu shekara shida ke nan. Babban yana karɓar aiki, ya shafa ya gane ciwon, ya lanƙwasa abin da ke son lanƙwasa. In an zo wurin sukuru sai ya tura wa ƙaramin, shi kuma ya karkata kai, ya kawo idon nan guda kusa da fitila, ya zura shi tashi ɗaya. Surutu dai bai ragu ba, kuma har yanzu yakan gaya wa kwastoma cewa idonsu lafiya lau.

Rannan sukuru ya suɓuce daga hannun Mai Tabarau ya faɗi ƙasa. Ya ce a bar shi, ya tafi ke nan, a ɗauko wani. Kwaɗo ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya lashi ɗan yatsa, ya dangwalo shi daga cikin tsagar siminti kusa da ƙafar baho, ya ajiye masa a tafin hannu. Tsohon ya rufe hannunsa a kai, leɓɓansa suna motsi har ƙanin ya ɗago ya dube shi.

"Lafiya, Yaya?"

"Lafiya lau. Da Inna nake magana."

"Me ka ce mata?"

"Na ce mata ajiyarta tana nan."

Kwaɗo ya juya fuska wajen titi, ya ce fitilar nan ta cika haske, tana sa wa mutum hawaye. Yayan ya miƙa hannu ya ɗan karkatar da wuyanta, sannan ya tura masa tabarau na gaba.